Tsaron bututun mai a Arewa: Me dokokin Nijeriya suka koya wa Nijar?

Ranar 12 ga Yunin 2024 'yan bindiga suka kashe sojojin Nijar shida a kusa da ƙauyen Salkam, cikin gundumar Tibiri ta jihar Dosso. Sojojin suna sintirin tsaron bututun ɗanyen mai ne, wanda ya taso daga Agadem zuwa tashar Seme ta ƙasar Benin, tafiyar kusan kilomita 2,000. Wata guda kacal ke nan da loda jirgin ruwa na farko.

Tun daga ranar, mutanen Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, suka gane cewa wannan bututu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya binne ba maƙwabcin zaman lafiya ba ne. An gina shi don ɗaukar ganga 90,000 a rana, kuma iyakar Nijeriya ba ta da nisa da shi a wannan yanki.

Kwanaki kaɗan bayan nan ƙungiyar tawaye ta FPL ta ɗauki alhakin fasa bututun a jihar Damagaram. A Disamba aka sake kai hari kusa da Gaya, hukumomin Yamai suka zargi Lakurawa da shigowa daga Nijeriya, gwamnatin Abuja ta musanta hannu a ciki.

A Agustan 2024 Janar Tiani ya sa hannu kan dokar da ta buɗe kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muhimman muradun ƙasa. Ana iya rufe musu asusu, a hana su tafiya, a janye musu shaidar zama ɗan ƙasa. Amma mai shigowa da babur cikin dare ya binne nakiya ba shi da asusun banki da za a rufe.

Nijeriya ta daɗe da gwada hukunci mai tsanani. Dokar hana zagon ƙasa ga harkar mai ta 1975 ta tanadi kisa ko ɗauri har na shekara 21. Wata dokar ta 1984 ta yanke ɗaurin rai da rai ga mai fasa bututu. Duk da haka hukumar NEITI ta lissafa ganga miliyan 619.7 da aka yi asara tsakanin 2009 da 2020. A 2022 haƙon ƙasar ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana. Abin da ya fara farfaɗo da shi ba kotu ba ce, kwangilar gadi ce da aka bai wa kamfanin Tantita na tsohon jagoran tsagerun Neja Delta, Tompolo.

Dokar mai ta 2021 ta zo da wata dabara: kamfanoni su ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarsu ga garuruwan da ke ɗauke da kayan aikin, idan kuma an fasa bututu a yankin, a cire kuɗin gyara daga rabonsu. Mutanen Neja Delta sun koka cewa hukunci ne kan kowa saboda laifin wasu, kuma suna da hujja.

A Arewa matsalar ta fi kama da zagon ƙasa fiye da sata, domin babu matatun daji irin na Ribas da Bayelsa da za su sayi ɗanyen mai. Sai dai hanyoyin da 'yan ruwa-ruwa suka shekara suna bi da jarkokin fetur daga Kebbi da Sakkwato suna nan, kuma manomin gero da bututun ya ratsa gonarsa shi ke fara ganin sawun baƙon babur kafin kowane jandarma.