Ɗaukar Hoton Dangi in An Zo Ganin Gida

Tun 1963, sa'ad da kamfanin Kodak ya fito da ƙaramin akwatin hoto, Instamatic, ɗaukar hoto ta yi sauƙi ƙwarai. A da ɗan kasuwa yakan taho Taura daga Kano ko Ikko ran Salla, 'yar kyamara a aljihu, ya yi ta ɗaukar dangi.

Malamai sun saɓa a kan hukuncin hoto, amma neman izini babu saɓani cikinsa. Matar ɗan'uwanka tana daka ba mayafi, kada ka ɗauke ta. Dattijo kuwa, a jira ya naɗa rawani. In an wanko hoton, a rubuta sunaye da shekara a bayansa, ko da ajami ne, gama jikan da aka haifa a Ikko bai san fuskokin nan ba.