Jinya a gida da wasan intanet: abin da ya kamata uwa ta sani

Duk uwar da ta taɓa fita kasuwa ta bar ɗa kwance a gida ta san yadda zuciya ke rabuwa biyu, rabi wurin ciniki, rabi can ɗaki. A da, in an dawo da marece, sai a iske yaro ya ƙura wa rufin ɗaki ido, kaɗaici ya ishe shi. Yanzu kuwa, a Maraɗi ne ko Damagaram, Tawa ko Yamai, sau da yawa iske shi ake rungume da waya, yana cewa a dakata masa ƴan ƙungiyarsu na tsakiyar yaƙi. Nan take uwa za ta ce ai wanda ke iya wasa ya warke. Jama'a masu karatu, maganar ta wuce nan, shi ya sa muka ga ya dace mu baje ta a faifai.

Wace irin duniya ce wannan?

Wasan da muke magana a kansa ba irin ludo ko karta ba ne da ake gamawa a zama ɗaya. Duniya ce sukutum aka gina cikin manyan kwamfutoci, da garuruwanta da dazuzzukanta da kasuwanninta. Wanda ya shiga sai ya ƙirƙiri mutum nasa, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a: mayaƙi, ko mai magani, ko maƙeri, ko masunci. Dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suna ciki lokaci guda, suna hira, suna ciniki, suna haɗa ƙarfi don kayar da wani dodo. Ko ka kashe wayarka duniyar ba ta tsayawa, kamar dai yadda kasuwar Dole ba ta tashi don mutum ɗaya ya rufe rumfarsa.

Abin ya daɗe. A shekarar 1978 ne aka fara irin wannan wasa a jami'ar Essex ta ƙasar Ingila, da rubutu zalla, babu hoto. A 2001 RuneScape ya fito a Ingila. A 2004 kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da World of Warcraft, wanda a 2010 masu biyan kuɗinsa suka kai miliyan 12. A wannan shekara ta 2004 kuma kamfanin Ankama na birnin Rube a Faransa ya fito da Dofus da harshen Faransanci. Daga baya abin ya sauko cikin wayar hannu: Dofus Touch a 2016, tsohon samfurin RuneScape a 2018. Ta wayar hannu ne irin waɗannan wasanni suka fi shigowa gidajenmu.

A cikin wasan ƴan wasa suna kafa ƙungiyoyi masu shugaba da dokoki da lokacin haɗuwa. Wanda ya san fadar samari ta shan shayi ya san yadda abin yake: in ka yi kwana biyu ba a gan ka ba, sai an tambaya ko lafiya.

Labarin saurayin Oslo

Wani saurayi ɗan ƙasar Norwe mai suna Mats Steen an haife shi a 1989 da wata cuta ta gado mai cinye ƙarfin tsoka sannu a hankali. Tun yana yaro ya koma keken guragu, daga baya ko fita gida ta zama masa aiki. Ya rasu a 2014 yana ɗan shekara 25. Iyayensa sun daɗe suna baƙin cikin cewa ɗansu zai bar duniya bai yi abokai ba, don kullum yana zaune gaban kwamfuta.

Da suka sanar da rasuwarsa ta intanet, sai saƙonnin ta'aziyya suka yi ta kwararowa daga ƙasashen Turai, daga mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba. Ashe shekara da shekaru Mats yana cikin World of Warcraft da sunan Ibelin, a wata ƙungiya mai suna Starlight. A can shi ƙaƙƙarfa ne mai gudu da ƙafafunsa, kuma shi ake kai wa kuka. Ya taimaka wa wata uwa ta samu kusanci da ɗanta, ya sa baki tsakanin wata yarinya da iyayenta. Ranar jana'iza wasu ƴan ƙungiyar suka hau jirgi suka zo Oslo don su raka wanda ba su taɓa gani ido da ido ba. A 2024 aka fito da fim a kan rayuwarsa.

Abin da labarin nan ke nuna mana a fili yake. Mu Hausawa muna da al'adar dubiya, amma kowa ya san a kwanakin farko take da ƙarfi. In jinya ta yi tsawo, kamar karaya, ko ciwon sikila mai tashi yana kwantawa, ko tarin fuka da maganinsa ke ɗaukar wata 6, ƙafa takan ɗauke, kowa ya koma neman abinci. Shi kuwa wasa yatsu kaɗai yake buƙata. Ba wanda ke ganin ramar yaro, ba wanda ke kallonsa da idon tausayi, kuma akwai masu jiransa.

Kasuwar da ba ta tashi

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ƴan kasuwa za su fi kowa gane inda gizo ke saƙar, don wasan nan kasuwa ce. Akwai kuɗin cikin wasa, zinariya a World of Warcraft, kama a Dofus, akwai saye da sayarwa da tashin farashi. Lokacin da kuɗin ƙasar Benezuwela suka karye, wajen 2017 zuwa gaba, mutane da yawa a can sun koma tara zinariyar RuneScape suna sayar da ita don su ciyar da iyali. Wasannin da ake cewa kyauta ne, a ciki ake tallata wa yaro takobi da sutura da kuɗin gaske. Ga kuma kuɗin intanet, yau ɗari biyar, gobe jika guda, daga cikin ribar uwa.

Ribar kamfani ita ce mai wasa ya daɗe, don haka ake ba da tukuici ga wanda ya shiga kullum. Yaƙin ƙungiya kuma yakan ci awa biyu ko uku, kuma kunya ce ka tsere ka bar abokai. In abokan ƴan Amurka ne, ƙarfe 8 na dare a Niyok ƙarfe 1 ne ko 2 na dare a Nijar. Mara lafiya kuwa barci na cikin maganinsa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasa cikin jerin cututtuka. Ba kowane mai wasa take nufi ba. Tana nufin wanda ya kasa tsayawa, ya fifita wasa kan sauran lamuransa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, har abin ya kai kimanin wata 12. Ƙasar Sin kuwa a 2021 ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

To, me uwa za ta yi?

Da farko, kada wasa ya ruɗe ki. Yaro na iya mance zafin jiki in hankalinsa ya tafi, amma cutar na nan. Maganin masassarar cizon sauro da ake bayarwa na kwana 3 a shanye shi duka, ko da yaro ya tashi yana dariya. In jiki ya yi zafi sosai, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya fara fizge-fizge, a aje waya a nufi gidan likita.

Na biyu, a yi ciniki da shi kamar yadda kika saba a rumfa: magani da abinci tukuna, sannan wasa. Da dare waya ta kwana ɗakinki. Kuɗin intanet a yanke masa na mako, in ya ƙare shi ke nan. Kada ya san lambar sirri ta asusun kuɗinki na waya. A gargaɗe shi kada ya tura hotonsa ko ya kwatanta gida ga wanda bai sani ba, don kamar kowace kasuwa, wannan ma akwai mutanen kirki, akwai ƴan damfara.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, in kin dawo kin aje kaya, ki zauna bakin gadonsa ko na minti goma ne. Ki tambaye shi sunan mutumin nasa, da sana'arsa, da su wane ne abokansa, da ƙasar da suke. Daga amsarsa za ki gane ko abin zumunci ne ko jaraba. Iyayen Mats suna gida ɗaya da shi, amma sai bayan ransa suka san mutanen da yake kwana yana tashi da su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya kawo kasuwa mai albarka.