Karce a jikin mota

Ƴan'uwa masu koyon karatu, yau zancenmu na fentin mota ne. Ƙaya da rairayi suna karce shi. Amma ba kowane karce ke son sabon fenti ba.

Fentin motocin yanzu hawa uku ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, da na bisa mai ƙyalli. Injin gogewa yana cin kaɗan daga na bisa, har wurin ya daidaita.

Ku taɓa karcen da farce. In farce bai maƙale ba, gogewa ta isa. In kun ga ƙarfe, ku tafi wurin mai fenti, don kada tsatsa ta shiga.

Ku wanke mota sarai, ku kai ta inuwa ta huce. Ku sa man gogewa kaɗan bisa soson injin. Ku fara sannu. Kada ku tsai da injin wuri guda, zafi yana ƙona fenti.

Lokacin hunturu, kada ku share ƙura da busasshen tsumma. Ku zuba ruwa tukuna.