Uwargida, Jadawalin Wane Gari Kike Shan Ruwa Da Shi?

Wata tsohuwar ɗalibata ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan wata. An yi mata aure daga Kano zuwa Birnin Kebbi gab da azumi, kuma cikin kayan da ta tafi da su har da kalandar nan ta bango mai ɗauke da jadawalin sahur da shan ruwa. Gidan nata a bayan gari yake, kiran salla bai cika isowa ba, maigida kuma sai bayan magariba yake dawowa. Don haka da zarar agogo ya buga lokacin da ke jikin takarda, sai ta kai dabino baki. Kwana huɗu tana haka, ran na biyar ta fita tsakar gida riƙe da kofin kunu, ta ɗaga kai ta ga rana jawur a kan katangar maƙwabta. Da ta kira ni muryarta har rawa take yi.

Ba agogonta ne ya lalace ba, kuma masu kalandar ba su yi ƙarya ba. Lokacin Kano suka rubuta, ita kuwa ba ta Kano.

Allah Ya ɗaura ibadarmu a jikin rana, ba a jikin agogo ba. Aya ta 187 cikin Suratul Baƙara ta sanya ketowar alfijir farkon kame baki, shigowar dare kuma ƙarshensa. Rana kuwa ba ta faɗuwa lokaci guda a ko'ina. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana cika digiri 360 cikin awa 24, wato digiri ɗaya a duk minti 4. Wanda ke gabas da ke zai riga ki ganin hudowar rana, zai kuma riga ki shan ruwa. Abin da ke rikita mutane shi ne Nijeriya da Nijar duk agogo ɗaya suke bi. Ƙarfe shida a Maiduguri ƙarfe shida ce a Sakkwato, amma rana ba ruwanta da wannan yarjejeniya.

Ga lissafin, kuma bai fi ƙarfin wadda ta iya ƙididdigar cefane ba. A taswirar duniya akwai layukan tsaye da ke nuna nisan gari ta gabas ko yamma. Kano tana kan digiri 8.5, Birnin Kebbi 4.2. Ki cire ƙarami daga babba, saura 4.3, ki ninka sau 4, ya ba ki kimanin minti 17. Wannan ita ce tazarar da ɗalibata ta riƙa cinyewa kullum. Maiduguri, da ke wajen digiri 13, tana gaba da Kano da kusan minti 18; Sakkwato tana baya da minti 13; Yamai da wajen minti 25. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato kuwa ya haura rabin awa. Wannan hanya tana aiki sosai ga garuruwan da ke jere gabas da yamma kamar waɗannan. Idan kika gangara kudu, irin su Ibadan ko Kumasi, wani lissafin ya shigo, kar ki dogara da ita kaɗai.

Shi ya sa nake jan kunnen mata game da kiran sallar rediyo da talabijin. Tashar da kike ji tana kira ne da lokacin garin da take. Masu kallon Harami ta tauraron ɗan Adam kuma, ku tuna rana tana faɗuwa a Makka kimanin awa biyu kafin Kano.

Abu na biyu, ko a gari ɗaya lokacin ba ya tsayawa wuri guda. Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, shi ya sa yini ke tsawo yana raguwa. A Kano, ƙarshen watan Yuni yini yana kai awa 12 da minti 50, ƙarshen Disamba kuwa awa 11 da minti 25. Faɗuwar rana tana kai-komo tsakanin wajen ƙarfe shida daidai a watan Nuwamba da bakwai saura minti biyar a farkon Yuli. Tunda shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, Ramadan yana zagaya damina da hunturu da bazara cikin shekara 33. Ke nan jadawalin bara ba ya yi wa bana aiki, komai kyan takardarsa. Mu ma Allah Ya yi mana sauƙi: 'yan uwanmu na Landan yininsu ya zarce awa 16 da rabi a azumin 2015 da 2016, alhali a Disamba bai cika awa 8 ba.

To idan ba jadawali fa? Kakanninmu ba su da shi, kuma sun yi salla a kan lokaci. Ki kafa sanda miƙaƙƙiya a inda ya daidaita a tsakar gida, ki sa yara su riƙa yi wa bakin inuwarta alama da gawayi daga sha biyu saura zuwa ƙarfe ɗaya. Lokacin da inuwar ta fi gajarta shi ne tsakiyar yini; da ta fara ƙaruwa ta gabas, zawali ya yi, azahar ta shiga. Ki rubuta lokacin. Da yamma ki duba lokacin da ƙwallon rana ya ɓace gaba ɗaya. Misali a Kano ƙarshen Yuni: tsakiyar yini 12:28, faɗuwa 6:53. Tsakaninsu awa 6 da minti 25. Ki ninka biyu, tsawon yini ke nan. Ki ja awa 6 da minti 25 ɗin baya daga 12:28, kin sami hudowar rana, 6:03. Alfijir a ƙasarmu yana riga hudowa da kimanin awa ɗaya da kwata. Na gwada wannan da 'yan aji na, sun fi jin daɗinsa a kan duk wani darasi na babin lokutan salla. Ba baƙon ilimi ba ne a Musulunci: Ibnu Shaɗir, mai kula da lokutan salla a masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, agogon inuwa ya ƙera wa hasumiyar masallacin.

Sai dai a kula da hazo. A hunturu rana takan nutse cikin ƙura tun tana sama, ido ya ɗauka ta faɗi. Bukhari ya ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar, Allah Ya yarda da su, cewa sun taɓa buɗa baki a ranar gajimare a zamanin Manzon Allah (SAW), sai ga rana ta bayyana. A mazhabarmu ta Malikiyya wadda hakan ta same ta za ta rama yinin, ba kaffara a kanta tunda ba da gangan ta yi ba. Gaggauta shan ruwa sunna ne, amma bayan an tabbatar.

Mai amfani da manhajar waya ma ta duba wane gari ke rubuce a samanta, musamman bayan tafiya ko idan wayar kyauta ce daga wani gari. Za ki ga kuma manhajoji suna saɓawa da 'yan mintuna a alfijir, domin wasu suna lissafi da rana tana digiri 18 a ƙarƙashin sararin gabas, wasu 19 da rabi. A nan sai ki bi masallacin unguwarku.

Ɗalibata ta rama kwanakinta huɗu a Shawwal. Kalandar tana nan a bangon ɗakinta saboda hoton Ka'aba da ke jiki, amma ta sa jan biro ta rubuta a samanta: a ƙara minti 17.