Ko Kun Sani? Sirrin Ƙusoshin Tsofaffin Baburan Japan

Masu kwance tsofaffin baburan Japan a gida domin sake gina su, irin su Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, sukan yi fama da ƙusoshin murɗawa masu kan gicciye waɗanda bakinsu ke lalacewa tun kafin su motsa, musamman a jikin kafireta da murfin inji. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan tsatsa, alhali kuwa matsalar tana ga sukundireban da aka yi amfani da shi. An ƙera waɗannan ƙusoshi bisa ma'aunin JIS, wato ƙa'idar masana'antun Japan, wanda ramin gicciyensa ya sha bamban da na samfurin Phillips da ya yaɗu daga Amurka tun shekarun 1930. Bakin sukundireban Phillips ba ya zama daram a cikin ramin JIS, saboda haka da zarar an murɗa da ƙarfi sai ya zame sama yana cinye gefen gicciyen.

Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙusoshi suna ɗauke da ɗan ɗigo a gefen gicciyen, kuma da shi makanikai kan gane su. Idan ƙusa ta cije, ana jiƙa ta da mai na ɗan lokaci, sannan a ɗora mata sukundireban duka, wanda ke mayar da bugun guduma ya zama juyi yayin da yake danne bakin a cikin ramin.