Wutar Daji: Uwargida, Tsare Rumbunki Kafin Hunturu Ya Kankama

Da zarar an gama girbi a ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa da ƙauyukan da ke gefen dajin Gundumi, sai ciyawa ta bushe ƙayau, iskar hunturu kuma ta taso daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu. Wannan shi ne lokacin wutar daji. Mafarauci ya cinna wuta don ya kori gafiya daga rami, mai cin zuma ya yar da bakin wuta, ko wani ya jefar da guntun sigari, kafin a ankara abincin shekara ya zama toka.

Abin da ya kamata ki sani shi ne, sau da yawa ba harshen wutar ne ke fara cin gida ba. Tartsatsi ne iska ke ɗaukowa ta sauke kan jinkar rumbu, ko darni, ko harawar da aka jibge bisa ɗaki. Ko a Amurka, irin wannan tartsatsin ya taimaka wajen cinye garin Paradise na jihar Kalifoniya a 2018, inda mutum 85 suka rasu. Dokar jihar ta wajabta wa mazauna bakin daji su rage ciyawa da busassun itatuwa har kimanin mita 30 kewaye da gida. Maƙwabtanmu na Nijar ma sukan share dogayen hanyoyi cikin makiyaya bayan damina, don wuta in ta iso ta rasa abin ci.

To ke fa? Ki tuna wa maigida, cikin ladabi, a nome ciyawar bayan gida da gindin rumbu har sai ƙasa ta fito. Karan dawa da harawa a tara su nesa da madafi da ɗakin kwana. Jarkar fetur kada ta kwana kusa da murhu. Toka kuwa, ki yayyafa mata ruwa kafin yara su kai juji, domin garwashi kan yini a cikinta da ransa. Ki ajiye randa ko duro cike da ruwa, da bokitin yashi.

Kaskon jin ɗumi ma kada ya kwana a ɗaki. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin barci.

Idan kuma wuta ta tunkaro, ki fara fitar da yara da tsofaffi, a kwance dabbobi, a nufi fili marar ciyawa, ba inda iska ke kai hayaƙi ba. Kada ki koma ɗauko kayan ɗaki, rai ba shi da madadi.

Ki tayar da maganar nan a Islamiyya ko gidan suna, domin sharar gida ɗaya ba ta tsare unguwa. Allah Ya kare mu, amin.