Iska Da Igiyar Ruwa: Abin Da Ke Tafe A Bakin Kogin Kaduna

Watan Agusta shi ne tsakiyar damina. Daga Agusta har ƙarshen Satumba ne Kogin Kaduna yake cika ya tumbatsa. Mutanen Romi, da Gonin Gora, da sauran ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Chikun da ke kusa da ruwa, sun san haka. A cikinsu akwai masunta, da masu haƙar yashi, da 'yan fito, da manoman fadama. Akwai mata masu wanki a bakin rafi, da yara masu zuwa wanka. Duk waɗannan ya kamata su san yadda iska da ruwa suke aiki a wannan lokaci, domin ruwa yakan nuna alama kafin ya yi ɓarna.

Igiyar ruwa iri biyu ce

Bari mu fara da bakin teku, domin a can aka fi ganin abin a fili. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani Legas ya ga yadda teku take turo igiyar ruwa zuwa gaɓa dare da rana. Masana sun raba wannan igiya gida biyu.

Ta farko ita ce wadda iskar wurin take tayarwa. Iska ta kaɗa, ruwa ya motsa. Iska ta kwanta, ruwa ya kwanta. Irin wannan igiya gajeru ce, kuma tana zuwa a hargitse, wata bisa wata.

Ta biyu daga nesa take zuwa. Ana yin guguwa can kudancin Tekun Atlantika, dubban kilomita daga Nijeriya. Guguwar ta tayar da ruwa. Igiyar ta kamo hanya, ta yi kwanaki tana tafiya. Ranar da za ta iso Legas, sai ka ga sama garau, babu hadari, babu iska, amma ga ruwa yana tasowa kamar gini. Tsakanin wata igiya da mai bin ta yakan wuce daƙiƙa 10. Irin wannan ta fi ƙarfi a watannin damina. A watan Agusta na 2012 teku ta yi toroƙo a gaɓar Kuramo a Legas, ta rushe rumfuna, ta tafi da mutane.

To, mu a Kaduna ba mu da teku. Amma koginmu ma haka yake. Akwai haɗarin da iskar wurin take kawowa. Akwai kuma wanda yake zuwa daga nesa, ranar da ba a yi ko yayyafi a garinmu ba.

Iskokin da muke da su

Manyan iskoki biyu ne suke mulkin shekararmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce. Tana fitowa daga arewa maso gabas, daga hamada, da hazo da sanyi. A lokacinta kogi ya janye, duwatsu da yashi sun fito.

Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba iskar damina ce. Tana fitowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da laima. Ita ce take kawo mana ruwan sama. Ruwan da yake sauka a Kaduna a shekara ya kai kimanin milimita 1,200. Ma'ana, da zai taru wuri ɗaya bai gudu ba, bai shige ƙasa ba, da ya kai ƙirjin babban mutum. Mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba yake sauka.

Sai kuma ta uku, wadda ba ta daɗewa amma ta fi ɓarna. Ita ce iskar da take zuwa gaban hadari. Yawanci daga gabas take tasowa, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Kowa ya san ta. Gabas ta yi baƙi, gari ya yi tsit, sai iska mai sanyi ta buso da ƙarfi. Ita ce take yaye kwanon ɗaki, ta karya rassan itace. A tudu ma iska na wahalar da mai kayan kara, balle wanda ta tarar a tsakiyar kogi cikin kwalekwale. Za a ƙara ganin irinta daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, lokacin da damina take sallama.

Yadda iska take tayar da ruwa

Abu uku ne suke sa igiya ta yi girma. Na ɗaya, ƙarfin iska. Na biyu, daɗewar da ta yi tana kaɗawa. Na uku, faɗin ruwan da ta bi ta kansa. Shi ya sa kududdufi ba ya yin igiya komai iska, amma tafki mai faɗi yana yi. Tafkin madatsar Shiroro, wadda aka buɗe a 1990 a kan wannan kogi namu cikin Jihar Neja, misali ne. Da rani Kogin Kaduna ba shi da faɗi sosai. Da damina yakan bazu, iska ta samu filin da za ta yi gudu.

Akwai wani abu kuma. Idan iska tana tafiya inda ruwa yake tafiya, igiya takan kwanta. Idan ta yi karo da gudun ruwa, igiya takan miƙe tsaye, ta yi tsini. A daidai garin Kaduna kogi ya nufi kudu maso yamma ne. Iskar damina kuwa daga can take fitowa. Ke nan suna karo da juna. Irin wannan igiya ce take faɗawa cikin kwalekwale ta cika shi.

Yanzu duba kwalekwalen yashi. Jiƙaƙƙen yashi yana da nauyi ƙwarai. Idan an cika jirgi har bakinsa ya rage taƙi ɗaya daga ruwa, igiya ƙarama ta ishe shi. Haka jirgin fito da aka cika da mutane da buhuna da babura.

Ruwan da yake zuwa daga nesa

Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa. Tsawonsa kimanin kilomita 550 ne, har inda ya faɗa Kogin Kwara a ƙasar Nupe. Kafin ya iso garin Kaduna, rafuka da yawa sun zuba masa ruwa. A cikinsu akwai Kogin Galma, wanda ya biyo ta ƙasar Zariya.

Saboda haka, idan an kwana ana ruwa a ƙasar Jos, ko Lere, ko Kauru, ko Zariya, ruwan nan wurinmu zai biyo. Yakan yi kwana ɗaya ko fiye a hanya. Ranar da zai iso, mai yiwuwa rana ce take haskawa a Romi. Mutum ya haye mashigi da safe ruwa iya gwiwa, ya dawo da la'asar ya tarar ya kai wuya. Wannan ita ce igiyarmu ta nesa.

A Agusta da Satumba abin ya fi muni, domin marka ta jiƙa ƙasa, ta ƙoshi. Duk ruwan da ya sauka ba ya shiga ƙasa, kogi yake nufa.

Mutanen Romi suna da wata damuwa ta daban. Rafin Romi cikin Kogin Kaduna yake zuba ruwansa. Idan babban kogi ya cika, ƙaramin rafi ba ya samun hanyar shiga. Sai ruwansa ya tsaya, ya koma baya, ya hau gonaki da gidajen da ke kwari. Idan kuma an toshe kwalbati da magudanar ruwa da shara, ko an yi gini a kan hanyar ruwa, abin ya zama biyu.

Mun ga irin wannan. A 2003 Kogin Kaduna ya yi ambaliya, dubban mutane a cikin gari suka rasa muhalli. A 2012 ambaliya ta shafi jihohi 30 na ƙasar nan. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600.

Alamun da za ka duba

Ruwa ba ya tsami banza. Ga alamun da suke nuna ruwan nesa ya fara isowa:

1. Launin ruwa ya sake, ya koma ja ko ya yi kauri da laka.
2. Ruwa yana ɗauke da kara, da rassa, da ciyawa, da kumfa.
3. Ƙarar kogi ta ƙaru.
4. Dutsen da ka saba gani ya nutse.

Akwai dabara mai sauƙi. Ka kafa sanda a bakin ruwa, ka yi mata alama da wuƙa daidai inda ruwa ya tsaya. Bayan awa ɗaya ka koma ka duba. Idan ruwa ya wuce alamar, kogi yana hawa. Ranar nan ba ranar fito ba ce, ba kuma ranar kwana a bukkar fadama ba ce.

Alamun iska kuwa a sama suke. Ka riƙa duban gabas. Idan ka ga walƙiya, fara ƙirga: ɗaya, biyu, uku, kamar tafiyar agogo, har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce tsakaninka da tsawar. Idan ba ka kai 30 ba ka ji ƙara, hadari ya matso. Ka fita daga ruwa nan take. Kada ka fake a gindin itace. Ka nemi ɗaki.

Nauyin ruwa

Mutane da yawa suna raina ruwa mai gudu idan ba shi da zurfi. Ka tuna nauyin jarka mai lita 25 idan an cika ta. Kilo 25 ke nan. To, ruwa mai gudu kamar ɗaruruwan jarkoki ne suke bugun ƙafarka ba hutawa. Ruwa mai gudu da ya ɗan wuce idon sawu yana iya kayar da babban mutum. Wanda ya kai gwiwa yana iya ɗaga ƙaramar mota, balle babur. Kuma ba ka ganin ƙasan jan ruwa. Inda aka haƙi yashi da rani akwai ramuka masu zurfi, damina ta rufe su. A irin waɗannan ramuka yara sukan nutse.

Abin da ya kamata a yi

Ga 'yan fito da masu shiga jirgi: kada a cika kaya fiye da kima. Kada a yi tafiyar dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya daga nutsewa. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari a Bagwai ta Jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan makarantar Islamiyya. A Yuni na 2023 wani ya kife a Kogin Kwara wajen Patigi da 'yan biki cikin dare, mutum fiye da 100 suka rasu. Idan ka ga jirgi ya cika, ka jira sahu na gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga masunta da masu yashi: ku fita da sassafe, ku dawo da wuri, domin hadari ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare. Kowane jirgi ya kasance da abin kwarfe ruwa, da igiya, da jarka wadda ba komai a ciki, an ɗaure murfinta tam. Jarka tana iya riƙe mutum a saman ruwa har a kawo ɗauki. Ku ji maganar Sarkin Ruwa idan ya ce yau ba a shiga.

Ga iyaye: a hana yara wanka a kogi da rafi har ruwa ya janye. Kada a aiki yaro ya haye mashigi shi kaɗai.

Idan wani ya faɗa ruwa, kada wanda bai ƙware ba ya bi shi. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A jefa masa igiya, ko jarka, ko a miƙa masa doguwar gora. Idan kai ne ruwa ya ja, kada ka yi kokawa da gudunsa. Ka bi shi a karkace, kana matsawa gaɓa kaɗan kaɗan. Haka ma 'yan ci-ranin da suke zuwa bakin teku a Legas ranar hutu. Idan ruwa ya ja mutum ciki, ya yi iyo ta gefe, kamar mai bin gaɓa, har ya fita daga inda ruwan yake ja.

Ga mazauna kwari: tun yanzu a yashe magudanun ruwa. A ɗaga hatsi da taki zuwa wuri mai tudu. A sa takardun gida da na makarantar yara cikin leda, a rataye. Kowane gida ya san inda zai nufa idan ruwa ya zo da dare, kuma a san wanda zai ɗauki tsoho da maras lafiya.

Inda za a ji labari

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma ba da na kwana-kwana. Hukumar kula da koguna, NIHSA, tana bayyana ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da na jiha sukan karanta waɗannan sanarwa da Hausa. Idan kana saurare, kada ka tsaya ga abin da aka ce game da Kaduna kawai. Ka kasa kunne ga Jos da Zariya, domin ruwansu ne zai iso maka. Mai ɗan'uwa a Saminaka ko Kauru ya riƙa buga masa waya yana tambayar yadda kogi yake a can.

Wanda ya ji gargaɗi ya gaya wa mai unguwa. Mai unguwa ya sa a yi shela a kasuwa, da masallaci, da coci. Idan abu ya faru, lambar neman ɗauki ita ce 112, kuma ba a biyan kuɗin kira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.